Tulu Mai Yoyo Ba Ya Cika

A duk lokacin da jama'ar wani babban gari suka yi kukan ƙarancin ruwan famfo, amsar da hukuma ta saba bayarwa guda ce, watau za a gina sabon dam, ko a faɗaɗa matatar ruwa, ko kuwa a sayo manyan injuna daga ƙasashen waje. Sai a aza harsashi, a yi jawabai, ranar buɗewa makaɗa su cika wuri, amma shekara ta zagayo famfon cikin gida yana nan yadda yake, in an murɗa shi ba abin da ke fitowa sai hucin iska. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, tsakanin matata da bakin famfo akwai doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma a cikin wannan tafiya ce ruwan ke salwanta. Wanda tulunsa ke yoyo, ko ya wuni yana zirga-zirga tsakanin rijiya da gida, da ƙishirwa zai kwana.

Bututu yana tsufa kamar kowane abu. Ƙarfe ya yi tsatsa ciki da waje, mahaɗar da aka liƙe da darma ta saki, ƙasa ta kumbura da damina ta tsuke da rani, sa'an nan ga manyan motoci suna bi ta kansa dare da rana, alhali kuwa sa'ad da aka binne shi jakuna da kekuna ne suka fi yawa a kan hanyar. Fashewar da ido ke gani, wadda ruwa ke tsartuwa sama yara suna wanka a ciki, ita ce mai sauƙin ɓarna, domin ko ba jima ko ba daɗe za a zo a ɗaure ta. Babbar hasara tana ga ƙananan hujojin da ba su fitowa fili, suna tsiyaya shekara da shekaru ba wanda ya sani. Ruwan nan kuwa ba kyauta aka same shi ba. An jawo shi daga kogi da wutar lantarki ko man gas, an sa masa alam da maganin kashe ƙwayoyin cuta, an biya ma'aikata albashi, daga bisani ƙasa ta shanye shi ba a karɓi ko kwabo a kansa ba.

Har ila yau, hujin da ke fitar da ruwa shi ne ke shigar da ƙazanta. Muddin bututu yana cike, ƙarfin ruwan da ke cikinsa yana tura komai waje. Amma da zarar an ɗauke ruwa bututu ya zama wayam, sai ya koma yana zuƙar abin da ke kewaye da shi, ko ruwan kwata ne, ko tsiyayar masai. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan shi ya sa ruwan farko da ke zuwa bayan an daɗe da ɗaukewa yakan zo da laka da wari, kuma ta wannan ƙofa ce amai da gudawa da zazzaɓin taifot kan shiga gidan da yake ganin ruwan gwamnati yake sha. Mai hali yakan tsere wa wannan, ya haƙa burtsatse, ya aza tanki a bisa soro. Talaka shi ne ke biya sau uku: ya biya mai garuwa, ya biya kantin magani, 'ya'yansa kuma su biya da lokacin makaranta a kan layin famfo.

Birnin da ya tashi daga kango

Mai son ganin abin da sāke tsofaffin bututai ke iya yi wa jama'a, sai ya dubi Phnom Penh, babban birnin ƙasar Kambodiya da ke kudu maso gabashin Asiya. Ba a zaɓe shi don yana da arziki ba. An zaɓe shi ne don da wuya a sami birnin da ya fara daga matsayi mafi muni.

Turawan Faransa ne suka kafa aikin ruwan birnin a shekarar 1895, a inda kogin Mekong ya haɗu da kogin Tonle Sap, saboda haka ruwan ɗiba bai taɓa zama matsala ba. A watan Afrilu na 1975 'yan Khmer Rouge suka kama birnin, suka kori mazaunansa kaf zuwa ƙauyuka, ya zauna kusan kango har farkon 1979 sa'ad da sojojin Biyetnam suka fatattake su. A cikin waɗannan shekaru injiniyoyi da yawa sun halaka, taswirorin da ke nuna inda bututai suka bi sun salwanta. Da mutane suka komo, sai aka wayi gari ga bututai a ƙasa amma ba wanda ya san hanyarsu sosai.

A shekarar 1993, wadda aka yi zaɓe a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ɗora wani injiniya mai suna Ek Sonn Chan a kan shugabancin Hukumar Ruwa ta birnin. Abin da ya tarar ya isa ya sa mutum ya mayar da takardar naɗi. Tsawon bututan birnin duka kimanin kilomita 280 ne, mafi yawansu tsofaffi ne na ƙarfen zubi. Hukumar tana tace kimanin lita miliyan 65 a kowace rana, amma kashi 72 cikin 100 na wannan ruwa ba ya kawo mata ko sisi, wani ya tsiyaye a ƙasa, wani an sace. Waɗanda ruwa ke kai wa ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na birnin ba, su ma na sa'a goma ne a rana, kuma ba shi da ƙarfin hawa bene. Don haka mutane suka riƙa haƙa ramuka suna huda babban bututu domin ruwa ya gangaro musu, kowane sabon huji kuwa yana ƙara kashe ƙarfin ruwan maƙwabci. Gidajen da ke da mita ba su fi ɗaya cikin takwas ba, kuɗin da ake karɓa kuma bai wuce rabin abin da aka rubuta ba. Mafi muni, wasu ma'aikatan hukumar da kansu ne ke sayar da jonin sata, har a kan dala 1,000 kowane ɗaya, kuma manyan hafsoshi da ma'aikatun gwamnati ba su san wani abu wai shi kuɗin ruwa ba.

Abin da aka fara yi

Abin lura shi ne, ba da tonon titi kaɗai aka fara ba. An fara da ƙidaya. Ma'aikata suka bi birnin gida gida domin a san wanda ke shan ruwan hukuma da wanda ba ya sha, sai aka gano abin mamaki: akwai sunaye kimanin 13,000 a cikin littafi waɗanda ruwa ba ya zuwa musu, akwai kuma gidaje kusan 14,000 da ke shan ruwa amma babu sunansu ko'ina. Watau littafin hukuma ya fi bututun yoyo.

Sa'an nan aka shiga aikin sāke bututai, da taimakon ƙasashen Japan da Faransa, da Bankin Duniya, da Bankin Raya Asiya. Daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000 aka bi unguwa unguwa ana cire tsofaffin ƙarafa, ana shimfiɗa sababbi na wani irin ƙarfe mai jure nauyi ba tare da ya tsage ba, da kuma na roba mai kauri wadda tsatsa ba ta ci. Duk gidan da aka jona wa sabon bututu sai an kafa masa mita. Aka kafa rukunonin masu gyara da ke zaune cikin shiri dare da rana, da sharaɗin su isa inda aka ba da labarin fashewa cikin sa'a biyu. Aka sa lada ga wanda ya tona jonin sata, aka sa hukunci ga ma'aikacin da aka kama da hannu a ciki.

Daga 1999 kuma ma'aikatan ruwa na birnin Kitakyushu da ke Japan suka shigo da wata dabara. Aka rarraba birnin shiyya shiyya, fiye da 40, kowace shiyya da babbar mita a bakin mashigarta. Hikimar abin tana da sauƙin ganewa. Da tsakar dare, sa'ad da kowa ya yi barci aka rufe famfuna, ruwan da ke shiga shiyya ya kamata ya ragu ƙwarai. In mita ta nuna yana ta kwarara, to, ko ƙasa ce ke sha ko ɓarawo, sai a tura masu sauraro su bi titi da sandar ƙarfe ko na'ura a kunne har su ji inda yake tsiyaya. Mutanen Japan sun san wannan aiki ne don su ma sun sha wuya, gama a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, a 1945, kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan Tokiyo yana zubewa, suka yi ta aiki shekara da shekaru har suka mayar da shi kimanin kashi 3. A can ne kuma aka tabbatar da cewa mafi yawan yoyo ba a babban bututu yake ba, yana ga ƙaramin reshen da ya taso daga titi zuwa cikin gida. Wanda ya sāke uwa ya bar 'ya'ya, rabin aiki ya yi.

Aikin bai tafi salin alin ba. Ek Sonn Chan da bakinsa ya sha ba da labarin ranar da ya je gidan wani babban hafsan soja a kan maganar mita da biyan kuɗi, aka ɗora masa bindiga a ka. Bai janye ba, aka yanke ruwan gidan, daga baya hafsan ya bi layi kamar kowa. Wannan labari ya yi wa hukumar amfanin da ya fi na jawabi dubu, domin talaka ba ya ƙin biya in ya ga babba ya biya. A ƙarshen 1996 gwamnati ta ba hukumar ikon tafiyar da kuɗinta da ma'aikatanta da kanta, ta riƙa ɗaukar mutum don cancanta, tana ƙara albashi ga mai ƙwazo, tana sallamar mai cin hanci.

Abin da ya sami mazauna

To, me jama'a suka gani? Da farko dai sun ga ƙarin kuɗi, kada a ɓoye wannan. An ƙara farashin ruwa a 1997, aka sāke ƙarawa a 2001, an kuma tsara shi hawa hawa yadda mai shan kaɗan zai biya kaɗan, mai wanke motoci da ban ruwan furanni ya biya da yawa. Waɗanda suka saba sha kyauta sun ji zafi, sun kuma yi ƙorafi. Amma ga inda darasin yake: an shirya ƙari na uku, sai aka ga babu bukatarsa, domin ruwan da aka ceto daga ƙasa da kuɗin da aka ceto daga aljihun ɓarayi sun riga sun cike giɓin. Ashe toshe yoyo shi ne ya tsare aljihun mai biya.

Zuwa shekarar 2008 ruwan da ke salwanta ya sauko daga kashi 72 zuwa kimanin kashi 6 cikin 100, abin da biranen Turai da yawa ba su kai ba. Ruwa ya koma zuwa sa'a 24 a rana, da ƙarfinsa, ya kai ga kimanin kashi 90 cikin 100 na birnin. Tun da bututu ba ya zama wayam, ƙofar da ƙazanta ke shiga ta rufe. Ramukan tara ruwa da injunan zuƙa suka zama ba su da amfani. Kusan kowane gida yana biyan kuɗinsa.

Hukumar kuma ba ta manta da marasa ƙarfi ba. Ta lura cewa abin da ke hana talaka shan ruwan famfo ba kuɗin wata ba ne, kuɗin jonin farko ne, wanda ake nema a dunƙule. Saboda haka ta yarda a biya shi kaɗan kaɗan cikin watanni, daga baya ta riƙa yafe kashi 30, ko 50, ko 70, ko ma dukansa, gwargwadon halin gida bayan an je an duba. Iyalan da a da suke sayen ruwa a hannun 'yan talla da tsada suka koma biyan abin da bai kai ko kusa da wancan ba, ga shi ruwan ya fi tsabta. A 2006 aka ba Ek Sonn Chan lambar girma ta Ramon Magsaysay, a 2010 hukumar ta sami lambar ruwa ta birnin Stockholm, a 2012 kuma ta zama kamfani na farko da aka sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Kambodiya.

Wahalar tono

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka sāke bututu biki ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ko a wace ƙasa ce, ranar da leburori suka iso unguwa da diga da shebur, mazauna ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu. A tsaga titi, a tara jar ƙasa a ƙofar kanti, mai shago ya yi makonni ba ciniki, mai mota ya rasa hanyar shiga gida, tsoho da makaho da yaro su riƙa tsallake rami a kan katako. A ɗauke ruwa kwana da kwanaki, in ya dawo ya zo ja wur. Wani lokaci ma ƙarfin sabon ruwa ya fasa tsofaffin bututan cikin gida waɗanda suka saba da mai rauni, gyara ya koma kan mai gida.

Wannan wahala ba a iya kawar da ita duka, amma ana iya rage ta, kuma a nan ne ake gane hukumar da ke mutunta jama'a. Haƙƙin mazauna ne a sanar da su tun da wuri, ta bakin mai unguwa da rediyo da masallatai da majami'u, ranar da za a fara da ranar da za a gama. Haƙƙinsu ne a kawo tanka a ranakun da aka rufe ruwa. Kada a tone mil guda alhali bututun da ke hannu na rabin mil ne, a bar rami buɗe har damina ta cika shi ya zama tarkon yara. A wanke sabon bututu da magani kafin a sakar wa mutane. A mayar da kwalta yadda aka same ta, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai an ga haka da ido. A inda titi ya cika cunkoso, akwai dabarar zura sabon bututun roba a cikin tsohon, ta yadda ramuka kaɗan za a haƙa maimakon a tsaga hanya tun daga farko har ƙarshe.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan duka wuyar sha'ani, shi ne kashe tsohon bututu. Sau da yawa akan shimfiɗa sabo a bar tsohon yana aiki a gefensa, don gudun rigima da waɗanda ke rataye a jikinsa ba da rajista ba. In aka yi haka an yi gyaran gangar Auzinawa, an kashe kuɗi yoyo yana nan. In kuma aka datse shi ba shiri, gidaje da yawa za su wayi gari ba ruwa, mafi yawansu kuwa ba manyan ɓarayi ba ne, talakawa ne da suka nemi joni ta hanyar gaskiya suka gaji, ko suka gāji gidan a haka. Hanyar da Phnom Penh ta bi ita ce mafita: a ƙidaya su, a rubuta su, a sauƙaƙa musu shiga ta ƙofa, sa'an nan a toshe taga.

Abin da ya ci Doma

Biranen Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Matatar Iju da ke ba birnin Ikko, watau Legas, ruwa, tun 1915 Gwamna Lugga ya buɗe ta. Aikin ruwan Challawa a Kano na farkon shekarun 1930 ne. A tsofaffin unguwannin manyan garuruwa har yanzu akwai ƙarafan zamanin Turawa a ƙasa, da bututan siminti da aka binne bayan samun mulkin kai, ga kuma siraran robobi da kowa ya ja wa kansa, suna kwance tsamo-tsamo a cikin lambatu. A watan Nuwamba na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan sha'anin ruwan sha da tsabta. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,500. Ba za a ɗora wannan duka a kan bututu ba, amma duk inda ruwan sha da ruwan kwata ke gogar juna, an shimfiɗa wa cutar tabarma.

Raba ruwa a birane aikin Hukumomin Ruwa na jihohi ne, saboda haka tambayoyin da ya kamata 'yan majalisun jihohi da masu unguwanni su riƙa yi ba masu wuya ba ne. Lita nawa ke fita daga matata a rana, lita nawa aka karɓi kuɗinsa? Ina taswirar bututan garin, shekarar wane aka binne kowanne? Ma'aikatun gwamnati da barikoki da gidajen manya suna biya, ko kuwa sai mai shayi da mai wanki ake yanke wa? Hukumar da ta kasa amsa waɗannan ba ta isa ta nemi rancen gina sabon dam ba tukuna.

Gaskiya ne bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya ɗaukar allo mai sunan wanda ya binne shi, ba a kuma yi masa bikin buɗewa, shi ya sa masu neman suna ba su cika waiwayarsa ba. Jama'a su ma suna da nasu rabon aikin, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: wanda ya ga ruwa na malala a titi ya kai labari, wanda aka kafa wa mita ya bar ta ta yi aikinta, wanda ruwa ya zo masa ya biya. Amma hukuma ce za ta fara, ta nuna ruwa kafin ta nuna takardar biya, ta fara karɓa daga sama kafin ta sauko ƙasa. Birnin da ya fito daga yaƙi ba taswira ba injiniyoyi ya yi wannan aiki cikin shekara 15. Allah Ya ba shugabannin ruwa na ƙasar nan irin wannan zuciya, amin.